Kafin ka tura bidiyon nan, fuskar wa ke ciki?

Ɗan'uwa, ka san yadda abin yake a Zango: bidiyo ya faɗo guruf ɗin WhatsApp da hantsi, kafin la'asar an gano ɗan gidan wane ne. Shi ya sa maganar fina-finan gaskiya da ake yi kan 'yan daudu da masu sauya jinsi ta dame ni, ba ta ɓangaren da aka saba yin cacar baki a kai ba.

A Agustan 2018 'yan sanda sun kama maza 57 a wani otal a Egbeda, Legas, suka jera su gaban kyamarori. A Oktoban 2020 kotu ta kori ƙarar 47 da aka gurfanar, saboda masu gabatar da ƙara sun kasa ci gaba da ita. Shari'a ta mutu, amma fuskokin suna nan a intanet har gobe. Ɗaya daga cikinsu, James Brown, ya yi suna, har ya fito a fim ɗin The Legend of the Underground na HBO a 2021. To sauran fa, waɗanda suka koma unguwa?

A aji ana nanata mana neman izinin wanda za ka ɗauka. Amma izini a ƙasar da dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, kuma kotun shari'a a Ningi ta yanke wa mutum uku hukuncin jefewa a 2022, ba sa hannu a takarda ba ne kawai. David France ya gane haka: a fim ɗinsa Welcome to Chechnya na 2020, da kwamfuta ya sauya fuskokin mutanen da na wasu 'yan sa-kai.

Matsayin addininmu a kan lamarin sananne ne, ba shi nake taɓawa ba. Hukumar tace fina-finai ta Kano ma ta haramta fina-finan daudu a 2024. Sai dai hukumar ba ta tace wayarka. Mai fim aƙalla yana da suna, ana iya tuhumarsa. Kai da ka yanko daƙiƙa 30 ka ɗora a TikTok ka rubuta "ku nemo mana shi", wallahi ba ka san ko zargin gaskiya ne ba, kuma ba kai za ka tsaya a ƙofar gidan mahaifiyarsa ba ranar da matasa suka taru da sanduna.