Kano Pillars: Rashin Cin Ƙwallo Ne Ciwonmu, Ba Alƙalin Wasa Ba

Malam Edita,

Ina roƙon ka sam mini ɗan fili in tofa albarkacin bakina game da ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa, wato Kano Pillars, wadda muke yi wa kirari da Sai Masu Gida. Na san wani zai ce ina ruwan mai tireda ko manomi da zancen tamaula. To ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe, zai ga maganar ta taɓa aljihun talaka, ta kuma taɓa mutuncin garin nan.

Abin da nake so in faɗa a taƙaice shi ne, mun daɗe muna ɗora wa alƙalan wasa laifin da yake namu. Ciwon da ke damun Pillars shi ne ba ta zura ƙwallo a raga yadda ya kamata, musamman in ta bar gida, kuma irin salon wasan da muka saba da shi ne ya jawo haka. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, in ji masu iya magana. Haka muka zama.

Ba wanda zai raina tarihin wannan ƙungiya. A shekarar 1990 aka kafa ta, bayan an haɗe ƙungiyoyi uku, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Ta ɗauki kofin babbar gasar ƙasar nan har sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Daga 2003 har zuwa 2015 babu ƙungiyar da ta zo Kano ta doke ta a gasar, sai da Nasarawa United ta karya wannan lago da ci 2 da 1. Shekara goma sha biyu ke nan cur. Wannan abin alfahari ne ga kowane Bakano.

To amma mu dubi abin da ke faruwa in aka tsallake ganuwa. A 2009 mun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, muka haɗu da Heartland ta Owerri. Can suka ɗura mana 4 da nema, suka biyo mu Kano suka ƙara mana 1 da nema. Minti 180 ba mu ga ragarsu ba ko sau ɗaya. A 2013 mun lallasa AC Leopards ta ƙasar Kwango da ci 4 da 1 a nan gida, gari ya ɗauka an gama. Da aka je can sai suka ci mu 3 da nema, jimilla 4 da 4, aka fitar da mu saboda ƙwallo ɗayar nan da suka ci a Kano. Da mu ma mun ci ɗaya tak a garinsu, da mu ne muka wuce. A 2015 Moghreb Tetouan ta Maroko ta yi mana 4 da nema a gidanta, nasarar 2 da 1 da muka samu a Kano ba ta tsinana komai ba. A 2019 mun ci Asante Kotoko 3 da 2 a Kano, muka je Kumasi suka ci mu 2 da nema, muka dawo gida hannu rabbana.

Malam Edita, ka lissafa da kanka: Owerri, Kwango, Maroko, Kumasi. Tafiya huɗu, an zura mana ƙwallo 13, mu ko ɗaya ba mu ci ba. Ruwa ba ya tsami banza. Shin duk waɗannan alƙalan ne suka haɗa baki a kanmu?

Ga kuma hujjar da ke nuna cewa in an cire tsoro ana iyawa. A wannan shekara ta 2009 ɗin, kafin a kai ga Heartland, Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar, wadda a lokacin ita ke riƙe da kofin Afirka. An yi kunnen doki 1 da 1 a nan Nijeriya, aka je Alƙahira aka tashi 2 da 2, muka wuce da ƙwallayen da muka ci a waje. Wato ranar da yaranmu suka fuskanci raga a gidan wani, ƙungiyar da ta fi kowacce kofuna a Afirka ma ba ta tsira ba. Haka kuma a watan Disamba na 2023, wani matashi Yusuf Abdullahi ya ci ƙwallo 5 shi kaɗai a Gombe, aka tashi 5 da 2. Ashe dai ragar waje ma faɗinta ɗaya da ta gida.

Yanzu bari in zo kan salon wasan. Duk mai zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ko mai bin wasannin waje, ya san abin da zan faɗa. Da zarar an matsa mana, sai ɗan baya ya ɗaga ƙwallo sama ya cilla gaba, Allah ya kai damo ga harawa. Ɗan gaba guda ɗaya yana can tsakanin ƙarti biyu ko uku, ya yi tsalle ya taɓa da ka, babu na kusa da zai karɓa, ƙwallo ta dawo mana. 'Yan tsakiya sun zama 'yan kallo, tana wucewa ta samansu zuwa da dawowa. In an je waje kuwa, tun daga minti na farko kowa ya koma baya ana tsare gida ana neman canjaras, ana duban agogo. Wanda ya tafi neman canjaras, da an zura masa ɗaya shi ke nan, ba shi da wata dabara. Abin da ya rage sai jiran bugun tazara ko fanareti, wato jiran usur ɗin alƙali. Kun ga da hannunmu muka miƙa wa alƙali wuyanmu.

Ko a gida ma akwai wata ɗabi'a, da an ci ɗaya sai a janye jiki a ce a riƙe. Wannan ja da baya shi ya kunyata mu a Asaba a 2018, a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, inda muna gaban Rangers ta Inugu da ci 3 da nema, muka saki wasa, suka farke duka ukun, suka ɗauke kofin a bugun fanareti. A 2019 Allah ya share mana hawaye muka ɗauki kofin a Kaduna a hannun Niger Tornadoes, amma mu tuna babu ci aka tashi, da fanareti aka raba gardama.

'Yan'uwana 'yan kasuwa za su fi kowa gane wannan. Ka buɗe rumfa a Kurmi ko Kantin Kwari tun da hantsi, ka share, ka jera kaya, ka yi ta kiran masu wucewa, amma har la'asar sakaliya ko kwabo bai shiga aljihu ba. Wa zai ce ka yi kasuwa? Haka manomin da ya yi huɗa, ya yi noman fari da maimai, kaka ta zo rumbu wayam. Ƙwallo a raga ita ce cinikin wasan tamaula, ita ce girbinsa. Yanka da gwaninta da kirari duk ado ne.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne, wannan rashin ci shi ke haifar da rigimar da ke zubar mana da mutunci. A duba wasannin da aka yi tashin hankali a kansu. A 2019 a filin Agege na Legas, 1 da 1 aka tashi da Rangers, magoya baya suka afka fili, aka ci tarar ƙungiyar. A watan Afrilu na 2022, wasanmu da Katsina United a Ƙofar Mata babu ci aka hargitse, aka farfasa motar baƙi, aka cire mana maki 3, aka mayar da wasanninmu na gida Abuja. A ƙarshen wannan kakar Pillars ta faɗa ƙaramin rukuni, sai a 2023 ta dawo. A watan Oktoba na 2025 muna gaban Shooting Stars ta Ibadan da ci ɗaya mai ban haushi, suka farke ana dab da tashi, aka far wa alƙalai da baƙi, aka sake cire maki 3, aka ci tarar naira miliyan 9 da rabi, aka tura mu Katsina. Duk wasa ukun nan babu wanda muka ci fiye da ƙwallo ɗaya a cikinsa. Da muna gaba da 3, wa zai tsallake waya don an farke ɗaya?

To wa ke shan wahalar wannan kora? Ba manya ba ne. Ranar wasa a Ƙofar Mata ranar kasuwa ce ga mai rake da mai gyaɗa, da mai ruwan leda, da mai tsire da balangu, da yarinya mai awara, da mai sayar da riguna da tutocin kulob, da ɗan a daidaita sahun da ke kwaso mutane daga Dala da Gwale da Fagge. Har mutanen karkara daga Gezawa da Kura da Dawakin Kudu suna shigowa, kafin a take wasa su ɗan yi sayayya a Rimi ko Ƙofar Wambai. Ranar da aka rufe filin, duk wannan ciniki ya bi ruwa. Tarar kuma daga ina za ta fito? Ƙungiyar ta gwamnatin jiha ce, wato kuɗin jama'a ne. Yaro ɗaya ya yi jifa, mutum dubu sun kwana da asara.

Na san masu cewa ai a gasar Nijeriya ba a cin wasan waje, alƙalai na masu gida ne. Ban ce babu gaskiya a ciki ba, kowa ya sha ganin busan da ba ya kan hanya, kuma wajibi ne hukumar gasar ta tsawata. Amma mu ji tsoron Allah, irin wannan zargin shi mutanen wasu garuruwa suka riƙa yi mana a shekaru goma sha biyun da ba a ci mu a gida ba, kuma ba mu ji daɗinsa ba. Sannan alƙali yana iya hana ka ƙwallo ɗaya, yana iya ƙaga maka fanareti ɗaya, amma ba zai riƙe ƙafar ɗan wasanka minti 90 ba. Wanda bai kai hari ba, me aka hana shi?

Ba kuma maciya ƙwallo ne garin nan ya rasa ba. Ahmed Musa yana matashi ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya goge tarihin 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990, daga nan ya tafi Holan. Junior Lokosa ya ci 19 a 2018 duk da ba a kammala gasar shekarar ba, a 2019 ya koma Esperance ta Tunisiya. Ba mai hana yaro neman arzikinsa, Allah ya ƙara buɗi. Tambayar ita ce, in an sayar da sa, me ya sa ba a tanadi maraƙi ba? Mai tireda in ya sayar da buhun sukari, sarin wani yake yi kafin ya taɓa riba. Mu kuwa sai mu koma mu jingina da Rabi'u Ali Pele, bawan Allahn da ya haura shekara 40 yana ɗauke da ƙungiyar a kafaɗa, alhali shi ɗan tsakiya ne. Tsohuwar zuma da ita ake magani, haka ne, kuma Kano ba za ta iya biyansa ba. Amma abin kunya ne gari kamar wannan a ce in ba shi ya buga ba sai a haƙura.

Saboda haka ga 'yar shawarata. Na farko, ga hukumar ƙungiyar, da Ahmed Musa wanda aka naɗa babban manajanta a 2025, shi da ya san hanyar raga fiye da kowa: a ɗauki tsohon ɗan gaba a ba shi aiki guda, koya wa yara gama hari, kullum bayan atisaye. Na biyu, duk kuɗin da aka samu na sayar da ɗan wasa a ware wani kaso a bayyane don renon na baya. A riƙa zuwa filin Mahaha na Ƙofar Na'isa, da gasar kofin Ramat, da filayen makarantun ƙauyuka, yaran suna nan birjik. Karen bana shi ke maganin zomon bana. Na uku, a bar koci ya daɗe ya koyar da wasan ƙasa, a riƙa miƙa ƙwallo daga ƙafa zuwa ƙafa, a tura mutum biyu ko uku gaba ko a gidan wa ake. Gara a ci mu 3 da 2 muna kai hari, da a ci mu ɗaya muna maƙale a raga. Na huɗu, a kula da tafiyar yaran, a isa gari da wuri su huta. Ba mu manta da harin da 'yan bindiga suka kai wa motarsu a hanyar Abuja zuwa Lakwaja a 2015 ba, inda aka raunata wasu, har da Gambo Muhammad. Wanda ya kwana a mota ba ya tsere wa ɗan baya.

Mu kuma magoya baya, mu yi wa kanmu faɗa. Iyaye da masu unguwanni a cikin birni su ja kunnen samari. In ranka ya ɓaci, ka tambayi koci dalilin da ya sa aka koma baya bayan an ci ɗaya, ka tambayi hukuma ina magajin Lokosa. Wannan ita ce tambayar da za ta amfane mu. Dutsen da ka jefi baƙo da shi, kan mai rake yake sauka.

Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba ƙungiyarmu sa'a gida da waje, ya ba mu zaman lafiya da ciniki mai albarka, amin.

Naku a kullum,
Mai kishin Masu Gida,
Unguwar Yakasai, cikin Birnin Kano.