Kayan Madugu da Kayan Fatake

Duk wanda ya taɓa ganin ayarin gishiri yana shirin barin ƙasar Agadas zuwa Fashi da Bilma ya san cewa gardama ba ta ƙarewa wajen ɗaurin kaya. Ruwa da gero da ciyawar raƙuma na kowa ne, madugu ba ya sassauci a kansu. Sauran tarkace kuwa, mai so ya ɗora wa raƙuminsa, ya kuma ji da nauyinsa cikin Tenere.

Irin wannan gardama ce masu ƙera manhajar intanet suke yi. Yawancin shafukan da ma'aikata ke shigar da sunayen jama'a a ciki, ko ƴan kasuwa ke lissafin haja, ba daga tushe ake gina su ba. Akwai ginshiƙi shiryayye da magini ke ɗora nasa aiki a kai. Ɗaya daga cikin sanannu shi ne Django, wanda aka fara a gidan wata jarida ta garin Lawrence a Amurka, aka sake shi ga duniya a 2005. Tun farko ya zo da kalmar sirri, da ajiyar bayanai, da kariya daga ɓarayin intanet a cikinsa. Flask, wanda ya fito a 2010, ya zaɓi tafiya da ɗan guzuri, kowa ya nemo sauran.

Amma cibiyar Django ba ta zauna yadda take ba. Andrew Godwin ya ƙera South, mai sauya fasalin rumbun bayanai ba tare da an yi asarar abin da ke ciki ba. Shekaru yana waje, har kusan kowa ya dogara da shi, sannan a 2014 aka shigar da irin aikinsa cikin cibiya. Shekara guda kafin haka, an fitar da sashen da ke tantance lambobin waya da na gidan waya na kowace ƙasa. Dalilin a fili yake: ƴan tsirarun masu kula da cibiya ba su iya bin sauye-sauyen ƙasashe barkatai, kuma abin da aka shigar ya zama alkawari, sai an yi ta gyaransa shekara da shekaru.

Hukuncin ya yi daidai, sai dai nauyinsa a kan irin ƙasashenmu yake faɗawa. Fassara tana cikin cibiya, har Ibo ya samu shiga a 2020, lokacin da babu Hausa balle Tamashek, domin harshe ba ya shiga sai masu shi sun kawo aikin. Saboda haka shugaban ma'aikata da zai sa hannu a kwangilar manhaja ya kamata ya tambayi magini wane sashe ne na cibiya, wane ne ya ƙara da hannunsa, kuma wa zai gyara ƙarin ranar da kwangila ta ƙare.