Sumar Legolas: A littafi take ko a fim?

 Duk mai kallon finafinan almara na Turawa, irin masu takubba da dodanni da matsafa, ya san jarumi ba ya cika sai da suma har kafaɗa. Da wuya ka ga wanda ya biya ta wurin mai aski. Wannan sumar ta taɓa haddasa cacar baki ba ƙarama ba, kuma akwai darasi a ciki ga duk wanda ke da jarrabawar adabi a gabansa.

Labarin ya faro ne daga J.R.R. Tolkien, malamin jami'ar Oxford a Ingila, wanda ya wallafa The Lord of the Rings a juzu'i uku tsakanin 1954 da 1955. A cikin littafin akwai wata al'umma da ake kira Elf, masu kama da mutane amma ba sa tsufa. Peter Jackson, ɗan ƙasar New Zealand, ya mayar da littafin fim kashi uku, a 2001 da 2002 da 2003, har na ukun ya lashe kyautar Oscar 11. A finafinan nasa duk namijin Elf yana da dogon gashi mai santsi. Wanda ya fi shiga ran 'yan kallo shi ne Legolas, gwanin baka da kibiya, mai gashi ruwan zinare har gadon baya. Orlando Bloom da ya fito a matsayinsa baƙin gashi gare shi, na kanti aka ɗora masa.

A watan Satumba na 2022 kamfanin Amazon ya fito da shiri mai dogon zango, The Rings of Power, wanda ya ɗauko tarihin da Tolkien ya taƙaita a ƙarshen littafin. Sai ga Elrond, wanda aka saba gani da suma, ya bayyana da saisaye. Haka Celebrimbor da Arondir. Nan fa masoya suka yi ca, suna cewa an ci amanar marubucin. Wasu ma suka wuce gona da iri, suka koma zagin Ismael Cruz Córdova da ya fito a Arondir saboda launin fatarsa, abin da ba shi da alaƙa da son littafi.

To me littafin ya ce? Tolkien ya ambaci cewa gashin Celeborn dogo ne, launin azurfa, don haka masu ƙorafin suna da abin kamawa. Amma da ya zo siffanta Elrond, duhun gashinsa da ɗan kambun azurfar da ke kansa ya faɗa, bai yi maganar tsawo ba. Shi kuwa Legolas, har labarin ya ƙare ba a fito fili an faɗi launin gashinsa ba. Mahaifinsa ne aka ce yana da gashi ruwan zinare, shi ma a wani littafin daban, The Hobbit na 1937. Ke nan da yawa daga masu rantsuwa da littafi hoton Jackson suke karewa. Shekara ashirin suna kallonsa har ya zauna musu a ka kamar Tolkien ne ya rubuta.

Masu shirya fim suna da dalilinsu na son suma. Marubuci yana da shafi goma da zai gaya maka cewa mutumin nan ya shekara dubbai a duniya. Darakta kuwa daƙiƙa biyu gare shi, don haka sai ya nemi alamar da ido zai kama nan take. Suma tana nuna wa ɗan kallo cewa wannan ba ɗan zamaninmu ba ne, kuma tana ƙara armashi in doki ya zabura iska ta ɗebe ta. Tarihi ma ya ba su hujja. Sarakunan farko na ƙasar da ta zama Faransa ana yi musu laƙabi da sarakuna masu dogon gashi, kuma da aka tuɓe na ƙarshensu, Childeric na Uku, a shekarar 751, aske shi aka yi aka kai shi gidan ibada. Sai dai ba duk mutanen da ne masu suma ba. Ku duba gumakan sarakunan Rum irin su Augustus, za ku ga gajeren gashi tsaf.

Inda abin ya shafe ku shi ne nan. Na san ana samun ɗalibin da zai nemi fim ɗin littafin da aka sa a manhaja, ya kalla a dare ɗaya ya ce ya gama karatu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ma Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, kuma fim ne mai daraja. Amma mai duba takardar WAEC ko NECO abin da marubuci ya rubuta yake nema. In manyan masoyan Tolkien za su rikita fim da littafi a kan gashi kawai, yaya kai da za a tambaye ka halin tauraro da dalilin abin da ya aikata?

Shawarata, ku fara karanta littafin, ku bar zuciyarku ta zana muku fuskokin. In kun kalli fim ɗin daga baya, ku ɗauki biro ku rubuta abu uku da aka canza, ku tambayi kanku me ya sa. Sannan duk wanda ya ce muku "ai ba haka yake a littafi ba", ku ce ya nuna muku shafin.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.