'Yan Rabin Aji Da Haƙƙin Da Doka Ta Ba Su

Ranar Talata da sassafe, tun kasuwar Kawo da ke Kaduna ba ta cika ba, mata masu kayan miya sun riga sun baza hajarsu. Da yawansu da ɗan shekara uku ko huɗu a gefe: wani na barci kan buhu a ƙarƙashin teburi, wani ya damƙe bakin zanen uwarsa kar masu baro su banke shi. Wadda ta bar nata a gida kuwa, sau tari yayarsa ce ta fasa zuwa makaranta ranar domin raino.

Yaran nan suna bin gwamnati bashi, kuma a rubuce yake. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta saka kula da ƙananan yara cikin ilimin matakin farko. Manufar ilimi ta ƙasa da aka sabunta a 2013 ta ƙara shekara guda ta share fage, wato rabin aji, kyauta a makarantun gwamnati kafin yaro ya shiga aji ɗaya. Kuɗin ma an yanka masa hanya: kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya na zuwa UBEC, jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi tallafi, hukumar SUBEB ta jiha ta aiwatar. Sai dai shekara da shekaru kashi 5 cikin ɗari kacal na tallafin aka riƙa ware wa ƙananan yaran.

Ana ganin sakamakon da ido. A makarantun gwamnati da dama, rabin aji ɗaki ne can ƙarshen gini, tabarma a ƙasa, malama ɗaya tana fama da dandazon yara, wannan na kuka, wancan na neman banɗaki, babu mai taimaka mata. Kafin rana ta take an tashe su, uwa tana tsakiyar ciniki.

Shi ya sa mai ɗan hali a Badarawa, Unguwar Dosa ko Hayin Banki yake gudu makarantar kuɗi, wadda sau da yawa gidan haya ce aka yi wa fenti aka kafa allo a ƙofa. Kuɗin zango, kuɗin yunifom, kuɗin littattafai, har da kuɗin bikin yaye ɗan shekara biyar! Ɗan mai Keke Napep da bai samu wannan ba sai ya shiga aji ɗaya bai taɓa riƙe fensir ba, a zaunar da shi kusa da wanda ya shekara biyu yana rubutu, a ce masa daƙiƙi. Wannan zalunci ne, kuma yakan bi yaro har ya bar makarantar.

Kaduna ba ta tsoron babban mataki a harkar ilimi. A 2016 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta fara ciyar da 'yan firamare, ajujuwa suka cika maƙil. A 2017 malamai 21,780 suka faɗi jarrabawar gwaji, daga baya aka sallame su. A 2019 aka mayar da hutun haihuwa na ma'aikatan jiha wata shida. To daga wata shida zuwa shekara biyar fa, ina yaron zai zauna? Mai kayan miya ma hutun bai shafe ta ba sam.

A Ingila kowane ɗan shekara uku da huɗu yana da awa 15 na raino kyauta a mako, mako 38 a shekara, kuma tun 2017 iyaye masu aiki suna samun awa 30. Aljihun Kaduna bai kai nan ba. Abin ɗauka shi ne uwa ta san adadin da ɗanta ya cancanta, ta kuma san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa idan aka hana ta.

Gwamnatin Uba Sani tana iya farawa da ɗan shekara biyar. A sanar a rediyo da masallatai da coci-coci cewa gurbinsa kyauta ne. A ɗauki masu NCE da suka karanci renon ƙananan yara, kowacce da mai taimaka mata, su koyar da harshen da yaran ke ji a gida. A riƙe yaran zuwa azahar, lokacin da yayyensu ke tashi, su koma gida tare. Sannan SUBEB ta riƙa fitar da lissafi duk shekara, mazaɓa-mazaɓa: ɗaki nawa, malama nawa, yara nawa, daga Kawo har Kabala.