Kwamfuta ta ƙi ganin faifan ajiya? A dakata kafin a danna fomat

Mai ɗaukar bidiyon biki da ya bar MacBook ya koma Windows ya san wannan tashin hankalin: ya jona faifan ajiyarsa na waje, fitila ta kama, amma ko fayil ɗaya bai fito ba. Wani lokacin ma kwamfutar kan buɗo saƙo cewa sai an yi wa faifan fomat kafin ya yi aiki. Wannan saƙon yana ruɗar mutane, kuma ya kamata a ce Microsoft ya daɗe da sauya lafazinsa, domin wanda ya amince da shi ya share aikin shekaru da hannunsa.

Galibi faifan lafiyarsa ƙalau. Kowace babbar manhaja tana da tsarin da take jera fayil da shi. Windows na amfani da NTFS, Mac na amfani da APFS, Linux kuma yawanci ext4. Windows ba ya karanta APFS ko ext4 sai da ƙarin manhaja. Mac yana buɗe NTFS, amma ba ya bari a rubuta komai a kai, shi ya sa ɗalibi zai ga furojet ɗinsa amma ya kasa adana gyaran da ya yi.

Abin da ya fi dacewa shi ne a leƙa Disk Management a Windows, ko Disk Utility a Mac. Idan faifan ya bayyana a can da girmansa daidai, yana raye. A Windows wani sa'in harafi kawai ya rasa, da an ba shi E ko F sai ya fito. Idan bai bayyana ba sam, a gwada wata igiya da wata kafar USB tukuna, musamman a waya, wadda sau da yawa ba ta iya ba babban faifai isasshiyar wuta ta OTG.

Ga mai yawo da faifai tsakanin waya, laftof da shagon tura fina-finai, exFAT ne ya fi. Windows da Mac duk suna karanta shi suna rubutu a kansa, Linux ya shigar da shi cikin ƙashinsa bayan Microsoft ya fitar da bayanansa a 2019, yawancin sababbin wayoyin Android ma suna gane shi. Tsohon FAT32 kuwa ba ya ɗaukar fayil da ya kai 4GB, bidiyon kamu ɗaya ya isa ya gagare shi.

Sai dai komawa exFAT ma fomat ne, don haka sai an kwashe komai zuwa wani wuri da kwamfutar da ke iya karanta faifan. Kuma exFAT ba shi da kundin da NTFS ke amfani da shi wajen farfaɗowa bayan katsewa. Fizge igiya ana tsakiyar kwafi, ko ɗaukewar wuta a kwamfutar tebur, na iya lalata fayilolin da ke kai.