Karen Bincike a Iyakar Jibiya: Me Shari'a Ta Ce?

Duk mazaunin Kusa da ke ganin manyan motoci suna ƙetarawa tsakanin Jibiya da Maraɗi ya san jami'i ba zai iya zazzage kowace kwantena da hannu ba. Don haka muna goyon bayan horar da karnuka su shinshino ƙwaya irin su taramol, kamar yadda NDLEA ke yi. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya farauto, Malikiyya kuma suna ganin kare mai rai tsarkakakke ne, buhun da ya shinshina bai najastu ba. Sai dai tsayawarsa bakin kwantena alama ce kawai, ba hujja ba. A buɗe kayan a gaban direba, a gani da ido, kafin a tuhume shi.