Maganar Ruwan Teku da Ruwan Iska, da Ƙishirwar Garuruwan Gobir

Bayan haka, ku sani ya jama'a, dabaru biyu na samun ruwan sha sun yi suna a duniya cikin zamanin nan. Ta farko ita ce a ɗebo ruwan teku a raba shi da gishirinsa. Ta biyu kuwa a tatso ruwa daga cikin iska. Duk wanda ya ga layin jarkoki bakin famfo a Sabon Birni ko Isa ko Tsamaye tsakiyar bazara, lalle ya so sanin ko ɗayansu za ta yi magani a nan.

Wajen tsarki babu gardama. Risala ta lissafa ruwan teku cikin ruwaye masu tsarki masu tsarkakewa, Muhtasar na Shaihu Halil kuma ya shigar da wanda aka tara daga raɓa cikin ruwa mutlaƙi. Abin da ya saura shi ne nisa, da wuta, da kuɗi.

Alhazai sun sha ruwan teku ko ba su sani ba. Tun 1907 Turkawa suka kafa wata tukunya a Jidda mai dafa ruwan Bahar Maliya, tururi ya tashi ya bar gishiri, a sanyaya shi ya koma ruwan daɗi. Ruwan da alhaji ke alwala da shi a masaukinsa na Makka galibinsa daga matatar Shu'aiba yake, can bakin teku. Yanzu an fi tura ruwan da ƙarfin injin ta cikin wata fata mai ƙofofin da ido ba ya gani, ruwa ya wuce, gishiri ya tsaya. Kowace lita ta teku tana ɗauke da gishiri kamar giram 35, tace lita 1,000 kuwa yakan ci yunit 3 ko 4 na lantarki. Wajen rabin abin da aka ɗebo yakan koma teku da gishiri ninki biyu.

Wannan dabara aikinta ya tabbata, tana shayar da birane masu miliyoyin mutane. Riyad tana tsakiyar hamada, daga Jubail ake turo mata ruwa ta bututun da ya wuce kilomita 400, amma arzikin man fetur ke biya. Wanda ba shi da wannan aljihu ya dubi Gana. A 2015 aka buɗe matata a Teshi, gefen Ankara, mai iya ba da lita miliyan 60 kullum, ga teku a bakin ƙofa, duk da haka farkon 2018 aka rufe ta domin kuɗin ruwanta ya fi ƙarfin hukumar ruwa. To, ina ga Gobir, wadda tsakaninta da teku ya haura kilomita 800, tafiyar kuma hawa ce, sai an ɗaga ruwan wajen mita 300? Gwamnatin da gyaran famfon unguwa ke gagara ba ta da ta cewa a nan.

Ta iska ta fi jan hankali, gama iska ba ta da nisa, kowa yana da ita a tsakar gidansa. Ita kuma iri biyu ce. Akwai ta raga: a kudancin Maroko, bisa wani dutse kusa da Sidi Ifni, tun 2015 ake kafa ragogi tsaye, hazon da ke tasowa daga teku ya ratsa su, ɗigo ya taru ya gangara cikin bututu zuwa ƙauyuka. A nan kalmar hazo tana iya ruɗin mai karatu. Hazonsu tururin ruwa ne. Hazon hunturu na ƙasar Hausa ƙurar Sahara ce, wanda ya kafa masa raga sai ya tara ƙasa.

Iri na biyu injin ne mai sanyaya iska har ta zubo da raɓa, kamar yadda gumi ke fitowa jikin kwalbar ruwan sanyi. Sai a yi lissafi. Iska mai zafin digiri 30, idan ta ƙoshi da laima sarai, kowace mita murabba'i mai tsawo da faɗi da zurfi tana riƙe da ruwa giram 30. Cikin Fabrairu da Maris laimar iskar ƙasar Sakkwato takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, watau giram 6 ko ƙasa. Ke nan kafin a sami lita guda sai an matse iskar da ta cika manyan ɗakuna uku ba a bar ko ɗigo ba, abin da ba injin da ke iyawa. Wutar da yake sha kuma ta kai ninki ɗari na ta tace teku. Sa'ad da injin ke jin daɗin aiki, watau Agusta, rijiya cike take, gulbi yana tafe. Sa'ad da ƙishirwa ta matsa, iska ma ƙishirwa take ji.

Ba a ce masana sun zauna ba. Umar Yagi, haifaffen Amman ta Jodan, wanda ya tashi a gidan da ruwan famfo ba ya zuwa sai an yi kwanaki, yana cikin mutum uku da suka sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2025. Ya haɗa wani gari mai shanye laima da dare ko cikin busasshiyar hamada, rana ta buga shi ya saki. Abu ne mai ban mamaki, amma abin da aka gwada a hamadar Amurka ma'auninsa kofi ne, gari kuwa da tanki ake shayar da shi.

Alhali kuwa Gobir ba rashin ruwa ke damunta ba, rashin ajiya ne. Gulbin Maraɗi yana dawowa daga Nijar ya haɗu da na Rima, su gangara madatsar Goronyo mai cin mita miliyan 942. A 2010 ruwan nan ya yi ambaliya ya ci gonaki da ƙauyuka. A 2018 kuma ya ƙafe har ya koma kamar kashi 10 cikin 100, birnin Sakkwato ya shiga fargaba. Gulbi ɗaya, shekara 8 tsakani. Ƙarƙashin fadama ruwa ba shi da zurfi, ƙarƙashinsa kuma akwai wani cikin yashin ƙasa wanda masana suka auna suka rubuta tun 1973. Inda rijiya ta yi zartsi, ƙaramar matata irin ta teku tana gyara ta, irinta ce masu ruwan leda ke aiki da ita. Wannan ne kaɗai rabon Gobir daga dabarar teku, kuma rabo ne mai amfani.

Abin da ya tsananta lamarin shi ne 'yan bindiga. Tun 2019 dubbai suka tsallaka jihar Maraɗi, wasu suka baro ƙauyuka suka tare cikin Sabon Birni da Isa. Burtsatsen da aka haƙa domin unguwa guda sai ga unguwa uku a kansa, in ya lalace kuwa mai gyara yana tsoron hanya. Injin baƙo wanda sai an aiko da kayan gyaransa daga ƙetare ba zai fi wannan daɗewa ba.

Akwai kuma ruwan iska wanda ba ya son injin, shi ne ruwan sama. Damina takan zuba wajen milimita 600 a wannan yanki. Rufin kwano mai faɗin mita murabba'i 50 ke nan yana karɓar lita 30,000, jarka 1,200 mai cin lita 25, duk tana bin indararo zuwa lungu. Makaranta da masallaci da asibiti rufinsu ya ninka haka. Abin da ake bukata kwarami ne ginanne da siminti, a bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu ya zube waje, sa'an nan a rufe bakin da kyau domin sauro.